Harshe Biyu a Baki Ɗaya: Abin da Na Koya a Garin Masu Takalma

Ni haifaffen Kano ne, kuma a hannun kawuna na tashi, ƙanin mahaifiyata, domin ina ƙarami Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Kawu ɗan kasuwar takalma ne a Ƙofar Wambai. Tun ina firamare, in an tashi daga makaranta shagonsa nake wucewa, in share, in jera kaya, in ƙirga dozin. Mafi yawan abin da muke sayarwa daga ƙasar Sin yake zuwa, kuma babu abin da ke ci wa Kawu tuwo a ƙwarya kamar tafinta. Duk zuwan da zai yi Guangzhou sai ya ɗauki mai yi masa magana, ya biya shi, ya dawo zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana ganin an haɗa baki da masu kaya an ɗora masa farashi. Da na gama sakandare ya kira ni ya ce, "Ɗana, kunne nake so ka zame mini. Ka je ka koyo harshen mutanen nan." Na ce, "To Kawu, Allah ya sa mu dace."

Haka na sami kaina a Xiamen, wani birni a bakin teku a lardin Fujian, kudu maso gabashin Sin, yana fuskantar tsibirin Taiwan. Kawu ya zaɓi nan ne saboda kusancinsa da Jinjiang, garin da kowa a kasuwarmu ya san nan ne uwar takalma. A makaranta Mandarin aka koya mana, Sinancin hukuma da ake karanta labarai da shi a talabijin, wanda su suke ce wa Putonghua. Hawa da saukar murya da ke razana ɗalibai Turawa bai razana ni ba, tunda na fito daga harshen da murya ce kaɗai ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Rubutun ne ya sha mini kai, amma da naci da addu'ar mahaifiya na kai matsayin da zan karanta takardar yarjejeniya in san abin da ke ciki.

Da na gama sai na koma Jinjiang da zama, ina yi wa Kawu da abokansa odar kaya, ina duba inganci, ina tsayawa a kan lodin kwantena. Garin yana ƙarƙashin birnin Quanzhou. A nan kamfanoni irin su Anta da 361° suka tashi, kuma a yankin Chendai da wuya ka bi lungu ba ka ji ƙarar injin ɗinki ba. Da yawa daga manyan masu masana'antu a Chendai 'yan dangin Ding ne, zuriyar Musulmin da suka zauna a wurin tun zamanin da Larabawa ke kiran Quanzhou da suna Zaitun. Mafi yawansu yau ba sa salla, amma sun san asalinsu. Ranar Juma'a nakan shiga cikin birni in yi salla a masallacin Qingjing, wanda aka gina a 1009, har yanzu akwai ayoyin Alƙur'ani sassaƙe a jikin dutsen bangonsa. Ibn Battuta ya zo garin wajejen 1345 ya ce tasharsa tana cikin mafiya girma a duniya, shi ne kuma matafiyin da daga baya ya ratsa Sahara har Takedda ya ambaci Gobir a labarinsa. Wannan ya sa tun farko ban ji kaina bare ƙwarai a garin ba.

Sai dai ban daɗe ba na gane cewa harshen da na sha wahalar koya na karɓar baƙo ne. Da ni za a yi Mandarin cikin fara'a, amma da zarar magana ta zo kan farashi, mai masana'anta zai juya ga ƙaninsa ko matarsa mai riƙe da littafin kuɗi, su koma wani yare da ko kalma ɗaya ba na tsinta. Shi ne Hokkien. Su a can sun fi ce masa Ban-lam-ue, wato maganar kudancin Min, Min kuwa tsohon sunan Fujian ne. Sunan Hokkien ya fi yawa a bakin 'yan uwansu da suka yi ƙaura zuwa Singafo da Malesiya da Indonesiya da Filifin, kuma sunan lardin Fujian ne yadda su suke furta shi. Shi ne harshen gado na mafi yawan mutanen Taiwan. Wanda Mandarin kaɗai ya iya ba ya jin sa, duk da rubutu ɗaya suka gada. Na ga in ban koye shi ba, aiken Kawu bai cika ba.

A kunne na fara tsintarsa, wurin direbobi da masu ɗinki da matan da ke zuba kaya a kwali. Allah da ikonsa, a wata ƙaramar masana'antar silifas da muke hulɗa da ita akwai wani dattijo, mahaifin mai wurin, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya. Ba ya sa baki a ciniki. Nasa shi ne zama a teburin shayi da ke bakin ofis, yana haɗa ganyen Tieguanyin na Anxi yana zubawa a 'yan ƙananan kofuna, duk wanda ya shigo sai ya kurɓa kafin a yi wata magana. Kowa A-peh yake ce masa, yadda ake kiran dattijon da ya girmi mahaifinka, ni ma haka nake kiransa, shi kuma yana ce mini siau-lian-e, wato saurayi. Ranar da na gaishe shi da "A-peh, tsiah pa be?", ma'ana ka ci ka ƙoshi, wadda ita ce gaisuwarsu, ya ajiye buta ya dube ni da kyau, ya jawo mini kujera kusa da shi. Kalmomin da zan kawo nan gaba zan rubuta su da lafazin Xiamen, wanda shi ne a yawancin ƙamusoshi. Na Quanzhou da Jinjiang ya ɗan sha bamban a wasu wasula.

Da ƙirga muka fara, tunda shi ne abincina. Tsit, nng, sann, si, go, lak, tshit, pueh, kau, tsap: ɗaya zuwa goma ke nan, kuma sann ta hanci take fita. Na haddace su, na fara jin farashi in ana raɗarsa a gabana. Sai wata rana wani ɗan kasuwa daga Taiwan da ke kawo musu roba ya karanto lambar wayarsa da Hokkien. Na ji sam inda nake jiran sann, na ji pat a madadin pueh, kiu a madadin kau, liok a madadin lak. Bayan ya tafi na tambayi A-peh ko mutanen Taiwan ƙirgansu daban ne. Ya ce a'a, wannan ma namu ne. Ya ɗauko takarda ya rubuta haruffan ɗaya zuwa goma, ya karanta su sau biyu, kowane karo da lafazi daban. Na biyun shi ne it, li, sam, su, ngo, liok, tshit, pat, kiu, sip. Ya ce, "Siau-lian-e, haruffa da yawa baki biyu gare su a wurinmu. Ɗaya peh ne, na gida da kasuwa, wanda uwa ke ba ka. Ɗaya bun ne, na littafi, wanda malami ke ba ka."

Nan take na tuna da namu ƙirgan. Daga ɗaya zuwa goma Hausa ce, amma ashirin da talatin da arba'in har casa'in Larabci ne da malamai da fatake suka shigo da shi, ya danne gomiya biyu da hauya har yaran yau ba su san su ba. Bambancin shi ne a wurinsu sabon bai kori tsohon ba. Sun ajiye duka biyun kafaɗa da kafaɗa, a ƙirga da dubban haruffa, kowanne da wurin da ake fito da shi.

Daga ranar karatunmu ya canza hanya. Harafin koyo, in kana cewa ina koyon sana'a, oh ne, amma a kalmar ɗalibi hak ne, hak-sing. Dutse mai tsawo suann ne a baka, san a littafi. Fari peh ne a baka, pik a littafi. Wani lokaci ma'anar ma takan rabu. Haruffa biyu, babba da mutum, in ka karanta su tua-lang, baligi kake nufi, in ka ce tai-lin, mai mulki kake girmamawa. Sunan yanka na mutum yawanci da bun ake faɗarsa, haka karin maganar da aka ɗebo daga tsoffin littattafai, haka sababbin kalmomin ilimi da siyasa. Maganar girki da gona da ciwon jiki kuma peh ce. Babu wata doka guda da za ka haddace ka huta, kalma kalma ake koya, kuma ɗan gari ba ya ma lura yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan a jimla ɗaya.

A-peh ya san bun da zurfi domin kakansa ya karantar da shi tsoffin littattafai a gida kafin a sa shi makarantar zamani. Yana cikin wata ƙungiyar dattawa da ke taruwa suna rera waƙoƙin zamanin Tang, wata tsohuwar daular Sin, abin da suke kira gim-si, ja da murya ne tsakanin karatu da waƙa. Wata rana ya rubuta mini baitoci huɗu na mawaƙi Du Mu, wanda ya rayu daga 803 zuwa 852, a kan hawan dutse lokacin kaka. Ya ce in karanta da Mandarin. Kalmomin ƙafiyar su ne karkace da gida da fure, na karanta su xie, jia, hua, ta farko ba ta amsa wa sauran ba. Sai ya karanta da bun: sia, ka, hua, duka ukun suka sauka a kan a. Ya kuma nuna mini cewa da peh ma ƙafiyar karyewa take yi, domin gida ke ne, fure kuma hue. Sannan ya kawo ta Liu Zongyuan a kan tsohon masunci cikin dusar ƙanƙara, wadda ƙafiyarta da bun take tsuat, biat, suat. Kowacce tana tsayawa cak a kan t, kamar an datse numfashi, kuma sanyin da mawaƙin ke nufi a wannan datsewar yake. A Mandarin t ɗin ta ɓace, kalmomin uku sun watsu a karin sauti uku daban. Jikina ya yi sanyi a wurin. Na karanta waƙar nan a aji a Xiamen, na ci jarrabawa a kanta, amma ranar ce na fara jin ta.

Na tambaye shi, "A-peh, yaya aka yi mutumin da ya rasu fiye da shekara dubu ya dace da bakinku, bai dace da na Beijing ba?" Ya shiga ciki ya fito da wani littafi mai kauri da ya sha hannu, sabon bugun Guangyun, wani tsohon ƙamusin ƙafiyar waƙa. Ya buɗe farkonsa ya nuna mini harafin gabas, a ƙarƙashinsa an rubuta wasu haruffa biyu ƙanana. Ya ce in karanta su, na ce tik da hong. Ya ce ɗauki kan na farko ka haɗa da jikin na biyu. Na ce tong. Ya ce to, haka ake cewa gabas. Wannan dabara sunanta fanqie, da ita mutanen da ba su da abacada suka adana lafazin harshensu: kowane harafi a bayyana shi da wasu biyu, ɗaya ya ba da baƙin farko, ɗaya ya ba da sauran gaɓar da karin sautinta.

Tarihin littafin na same shi ne daki-daki, wani daga bakinsa, wani daga karatun da na yi a 2020 lokacin da annobar korona ta rufe masana'antu ta tsayar da jirage, na zauna a ɗaki ba abin yi. Asalinsa wani ƙamus ne mai suna Qieyun da Lu Fayan ya kammala a 601, zamanin daular Sui. Kimanin shekara ashirin kafin nan wasu malamai takwas, cikinsu har da Yan Zhitui, suka taru a gidan Lu Fayan a Chang'an, babban birnin daular, suna muhawara har dare a kan wane lafazi ne daidai, na arewa ko na kudu, domin ƙasar ta daɗe a rabe kuma kowane ɓangare da yadda yake karatu. Shi yana matashi yana rubuta abin da suka tsayar. Ya kasa haruffa wajen 12,000 cikin gidajen ƙafiya 193. A 1008, zamanin Song, aka faɗaɗa shi ya zama Guangyun mai haruffa sama da 26,000 da gidaje 206, shekara ɗaya ke nan kafin a gina masallacin da nake salla a ciki. Tsarin sautin da ke cikin waɗannan littattafai shi masana suke kira Sinancin tsakiyar zamani. Wani masani ɗan Suwidin, Bernhard Karlgren, shi ya fara ƙoƙarin maido da sautin a rubuce tsakanin 1915 da 1926, ta hanyar kwatanta yarukan Sin da yadda Japanawa da Koriyawa da mutanen Biyetnam suke karanta haruffan da suka aro.

A wancan harshe karin sauti huɗu ne: miƙaƙƙe, mai hawa, mai tafiya, da mai shiga. Mai shiga shi ne na gaɓoɓin da ke ƙarewa da p ko t ko k. Mandarin ya zubar da su gaba ɗaya, ya kuma mayar da m ta ƙarshen gaɓa n. Hokkien ya riƙe duka. Shi ya sa goma take sip ko tsap alhali a Beijing shi ce, ƙasa take kok inda Mandarin ke da guo, Bakoriye kuma guk, Bajapane koku. Shi ya sa dangin da ake kira Lin a arewa, a Singafo Lim suke. Daga baya kowane karin sauti ya rabu biyu gwargwadon baƙin da ya fara gaɓar, suka zama takwas, biyu suka haɗe, Xiamen ta tsira da bakwai. A kan wannan kuma akwai abin da ya fi ba ni wahala a duk koyon: kowace gaɓa tana sauya karin sautinta in wata ta biyo ta a cikin yanki ɗaya na magana, sai ta ƙarshe ce ke zama yadda take a ƙamus.

Yadda wannan lafazi na arewa ya iso Fujian, jarrabawa ce ta kawo shi. Tun daga Sui har zuwa 1905 da aka soke ta, jarrabawar sarki ita ce fitacciyar hanyar samun muƙamin hukuma, kuma a zamanin Tang ana tambayar waƙa, wanda ya karya ƙafiyar littafi ya faɗi. Saboda haka duk ƙauyen da ke da yaro mai ƙwaƙwalwa sai ya nemi malamin da zai koya masa karatu da lafazin fada. Mutanen Quanzhou har yau suna alfahari da Ouyang Zhan, wanda ya ci babbar jarrabawar a 792 tare da shahararren marubuci Han Yu. Malami ya koya wa ɗalibi, ɗalibi ya zama malami, haka aka yi ta miƙawa har ta iso kakan A-peh. Ga kuma mutane da suka yi ta kwararowa daga arewa: rundunar Chen Zheng a 669, wadda ɗansa Chen Yuanguang ya kafa Zhangzhou a 686, sai Wang Chao da ƙaninsa Wang Shenzhi da suka shigo da mayaƙansu daga Henan a 885, har Wang Shenzhi ya zama sarkin Min a 909.

Samarin masana'anta da suka ji ina wannan karatu sukan ce mini da alfahari, ai harshenmu shi ne ainihin harshen Tang, da shahararren mawaƙin Tang Li Bai zai dawo duniya da mu kaɗai zai yi hira. A-peh ba ya son wannan magana, kuma bayan abin da na karanta ina bayansa. Rabin gaskiya ce, kuma tana rage wa harshen daraja maimakon ta ƙara masa. Bun ne ya zo daga Tang. Peh ya girme shi nesa ba kusa ba. Masana sun nuna cewa yarukan Min sun balle daga sauran Sinanci tun kafin a rubuta Qieyun, shi ya sa akwai abubuwa a cikinsu da littafin ba zai iya bayyanawa ba. Misali, Qieyun ya riga ya raba t ta gaban baki da wata mai naɗe harshe, wadda ta zama zh da ch a Mandarin. Min bai taɓa yin wannan rabuwa ba, tsakiya tiong ce inda Beijing ke cewa zhong, shayi te ne inda suke cewa cha. Tukunyar girki har yau tiann suke ce mata, da harafin da a arewa ya koma sunan tsohuwar tukunyar tagulla ta gidan tarihi. Kalmar da a Mandarin take nufin tafiya da ƙafa, a wurinsu gudu take nufi, kamar yadda take a littattafan da suka girmi Tang.

Dalilin yana ga ƙasar. Mutanen Fujian suna cewa kashi takwas duwatsu ne, ɗaya ruwa, ɗaya gona. Daular Han ta ci yankin a wajejen shekara ta 110 kafin haihuwar Annabi Isa, Sinawa suka fara shiga suna cuɗanya da mutanen da suka tarar. Bayan faɗuwar Luoyang, babban birnin daular Jin, a 311 wasu suka sake gudowa kudu, har ana cewa kogin Jin da garin Jinjiang daga sunan daularsu suka samo suna. Duk wanda ya shigo, duwatsu sukan rufe a bayansa, maganarsa ta zauna a kan ta waɗanda ya tarar. Masani Jerry Norman, Ba'amurke, ya nuna hawa uku a harshen: na zamanin Han, na daulolin kudu, da na ƙarshen Tang. A harafi ɗaya ma ana ganinsu. Dutsen jifa tsioh ne a baka, a sunan rumman ya zama siah, siah-liu, a littafi kuma sik.

Akwai wata shaida da na fi so, domin tana nuna lokacin da bun ya shigo da kuma yadda bakin mutane ya karɓe shi. A zamanin Qieyun babu sautin f a Sinanci, cikin Tang ya ɓullo daga p. Peh bai san da shi ba: rabawa pun ce, tashi sama pe. Da malamai suka zo da sabon lafazi mai f, bakin mutanen Min ba shi da wannan sauti, sai suka mayar da shi h, rabawa ta zama hun, tashi sama hui, inda Mandarin ke da fen da fei. Hok da ke farkon Hokkien ma haka ta samu, ita ce Fu ta Fujian. Wato ko bun ɗin ba muryar Chang'an ce tsantsa ba, muryar Chang'an ce a bakin ɗan Fujian. Li Bai zai gane ƙafiyarsa in A-peh ya rera, amma da zai shiga kasuwar kifi a Jinjiang, tafinta zai nema. A ganina wannan ya fi abin alfahari: mutane sun karɓi harshen ilimi daga masu mulki, sun ƙware a kansa har sun ci jarrabawarsu, ba su kuma saki na iyayensu ba.

Ta fuskar kasuwa, alhamdu lillahi, abin ya yi albarka fiye da yadda Kawu ya zata. Da farko na ɗauka amfanin shi ne in ji abin da ake ɓoye mini. Abin da ya faru shi ne an daina ɓoyewa. Masu masana'anta suka fara gaya mini gaskiyar kuɗin roba da na ƙwadago, suka fara ba mu kaya bashi zuwa kwantena ta iso Legas, aka fara gayyata ta bikin aure da na sabuwar shekara, ana ware mini kifi da ganye a tukunya daban saboda sun san abin da ba na ci. A irin wannan taro na fara jin Lam-im, tsohon kiɗan Quanzhou da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2009, wanda ake rera shi da tsohon lafazin birnin, ana rungume molonsu mai suna pipa a kwance yadda ake gani a zanen zamanin Tang. Da Kawu ya zo ziyara ya zauna a teburin A-peh, ni ina tsakani ina juya magana daga Hausa zuwa Hokkien, dattawan biyu suka yi ta hirar tsadar rayuwa da halin 'ya'yan zamani har shayi ya huce.

Abin da ke damuna shi ne inda harshen ya dosa, kuma bun ne a gaba wajen tafiya. Peh yana da uwa da kasuwa, ko da yake shi ma yana ja da baya. Bun malami ne kaɗai ke riƙe da shi, malami kuwa ya koma Mandarin tun da aka fara yaɗa Putonghua a 1956. A Taiwan an yi shekaru ana hukunta yaran da suka yi Hokkien a makaranta, sai bayan ɗage dokar soja a 1987 abin ya sassauta, yanzu har ana koyar da shi a aji. A Singafo gangamin komawa Mandarin da aka fara a 1979 ya raba jikoki da harshen kakanninsu. A Jinjiang kuma masana'antu sun cika da ma'aikata daga Jiangxi da Sichuan da Guizhou, dole a yi Mandarin da su. Jikan A-peh, yaro mai hankali da ladabi, yana jin Hokkien sarai amma da Mandarin yake amsawa, kuma in ka ba shi jarida ka ce ya karanta da bun, ba zai wuce layi ɗaya ba. Ban ga laifin yaron ba, ba wanda ya koya masa. A-peh da kansa ya shafe rayuwar aikinsa yana koyar da yara da Mandarin domin haka aikin ya ce, kuma ya gaya mini bai taɓa tsammanin ɗayan zai rasa mai ɗauka ba.

Saboda haka na roƙe shi ya bar ni in ɗauki muryarsa a waya. Ya yi jim, ya ce muryar tsoho ba ta da daɗi, na ce, "A-peh, ba daɗi nake nema ba, p da t da k nake nema." Muka fara da waƙoƙin da ya haddace, yana rerawa da bun, sannan ya bayyana ma'ana da peh. Daga nan muka shiga Guangyun, yana bin gidajen ƙafiya ɗaya bayan ɗaya yana karanta haruffan da ya sani ta baki biyun.

Yanzu na dawo Kano, ina da iyali, shagon yana hannuna, Jinjiang sai in oda ta taso. Kunnen A-peh ya yi nauyi, ba ya iya waya, jikan ne ke riƙe masa ita. Da yake shi ke danna maɓallin ɗauka yana turo mini ta WeChat, dole ya zauna ya saurara, kuma a 'yan watannin nan ya fara tsayar da kakan yana tambayar me ya sa wannan harafi ya ƙare da p wancan da t. Na tura masa duk abin da na ɗauka tun farko, na jera masa su waƙa waƙa da sunan mawaƙi. Mun gama gidajen karin sauti uku na farko. Saura na mai shiga, mai gidaje 34, kuma mun yi da yaron cewa in ya samu hutun makaranta za su riƙa yin gida ɗaya kowane mako, ni kuma in rubuta lafazin da haruffan boko in mayar masa ya duba da kakansa.